Taƙi Guda Ƙasa da Gwiwa

Ranar Litinin, tara ga watan Oktoba na 1989, aka fara cin mutuncin Malam Abarshi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, na Tsarnawa, mutumin da ya yi ritaya ba a taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba. A ranar ce Malama Shatu ta lakwal ɗin ta koro jikarsa Zalika gida, wai rigarta ta yi gajarta.

Abin haushin, dokar ma daga bakinsa ta fito. A taron iyayen yara an yi ta ja-in-ja kan suturar 'yan mata. Wasu sun ce zane da kallabi, wasu sun ce zane kwancewa yake yi wajen guje-guje. Shi ya miƙe ya raba gardama: riga shuɗiya mai ɗigon fari, ta sauka taƙi guda ƙasa da gwiwa. Da hannunsa ya auna karan dawa, ya yanke, ya danƙa wa Malama Shatu ta riƙa gwadawa a bakin ƙofa.

Da kansa kuma ya hau keke zuwa Ƙonni, ya tsaya a kan Illo tela har aka gama ɗinki. Yadin daidai ya saya, ko ƙyallen ɗaure yatsa bai ragu ba. Asara guda ya yi a tafiyar: wata waya da ta daɗe da leƙowa daga sirdin keken ta yage masa mazaunin shuɗin wandonsa na fita, wanda ba shi da na biyunsa. Ya jefa wa matarsa Tsahara.

"Malam, ba ni da ƙyalle irinai."

"Ki nemo. Shuɗi bisa shuɗi nika so, kuma kada in ji an tai kasuwa don faci."

Washegari ya zura wandonsa ya ji shi lafiya lau, bai tambayi komai ba.

To, da aka koro Zalika, sai ya tafi lakwal a fusace. Malama Shatu ta ɗora kara a gwiwar yarinyar, ya ga da idonsa saura yatsa biyu riga ta kai.

"Malam, da ka sake auna rigar," in ji ta cikin ladabi.

"Abin da Abarshi ya auna ba a maimaita shi. Karanki za a tuhuma!"

Ya hau keke ya kai ƙara buro, wato ofishin masu duba makarantu a Ƙonni. Aka ce ya dawo mako mai zuwa. Ya dawo gida da ƙura a gemu, da sabuwar yaga a wando.

Litinin ta zagayo, aka sake koro Zalika. Wannan karon gibin ya kai yatsa huɗu. Ya jingina yarinyar da bango, ya duba zanen gawayin da yake auna tsawonta da shi, ya ga ba ta ƙaru ba. Riga ba ta tafiya, yarinya ba ta girma. Ashe kara ne ke girma! Karan da aka yanke kuwa ba ya tsiro, sai dai in wani ne ke musanya shi.

"Kaka, ai Inna ce take..." Zalika ta fara, tana duban Tsahara.

"Yaro ba ya sa baki cikin shari'ar manya."

"Malam, da ka huta da hawan keken ga," in ji Tsahara, idonta a kan allura.

"Sai an wanke ni!"

Ya koma Ƙonni, ya sake komawa. Duk zuwan da ya yi, sai karan Malama Shatu ya ƙara tsawo. Gwiwar Zalika ta fara leƙen duniya. Daraktan lakwal ya aiko cewa in rigar ba ta cika doka ba, yarinyar za ta zauna gida, ga shi kuwa bana ajinsu ke jarrabawar shiga kwaleji. Nan Malam Abarshi ya rantse sai an tara iyaye.

Aka taru a babban aji, maza a gaba kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa, mata a baya. Tsahara ta zauna can kusa da ƙofa, ta ja mayafi har hanci. Malam ya yi jawabi kan ha'inci, kan lalacewar zamani, kan yadda a lokacinsu ma'auni ma'auni ne. Sannan halin malanta ya motsa. Ya karɓi alli, ya tattare babbar rigarsa ya aza bisa kafaɗu, ya juya wa jama'a baya don ya zana musu kara da gwiwa a allo.

Allin ya faɗi. Ya duƙa ya ɗauka.

Ajin ya yi tsit. Wani ya yi tari. Malama Shatu ta cusa bakin mayafi cikin baki, kafaɗunta na rawa. Malam ya ɗauka hujjarsa ce ta kashe musu jiki, sai ya ƙara ɗaga murya, yana rubutu bai waiwayo ba.

"Ba na neman komi sai abu guda! Wanda duk ya jawo wa jikata wagga kunya, ya miƙe tsaye, ya nemi gafara gaban jama'a!"

Mutum ɗaya ne a tsaye a ajin nan, kuma a mazaunin wandonsa ga gefen rigar Zalika nan jere, faci bisa faci, shuɗi mai ɗigon fari, taƙi guda cif.