Tawadar da Ta Fashe

Ko sallama bai yi ba ya shaƙo wuyan mijin ƙanwarsa, ya maka shi da bango. Gaban rigar ƙanwar jajawur yake, har hannuwanta.

"Yaya, sake shi! Tawada ce!" Ta fizgo 'yar robar tawada daga cikin firintar da ke kan tebur. "Ita ce ta fashe min. Bai taɓa ni ba."

Kunya ta rufe shi. Ya gyara wa mijin wuyan riga, ya ba shi haƙuri. "Kawo, ni zan sayo muku sabuwa."

Ta saci kallon mijinta, ta damƙa wa yayanta robar, ta matse hannunsa.

A kasuwa, mai shago ya duba lambar robar, ya miƙo masa irinta. "Ga ta, baƙa."

"A'a, ja za ka ba ni. Jar ce ta fashe."

Mai shagon ya dangwala tsohuwar a takarda. Baƙi ƙirin. "Malam, ko ɗigon ja babu a wannan. Kuma ko tsagewa ba ta yi ba."

Da gudu yayan ya fita yana kiran wayar ƙanwarsa.

Mijin ne ya ɗauka.