Mariƙin Ƙofar Motar Malam

Tunda ka dage sai ka sabunta duk abin da ka gada, bari in ba ka misali da wani mai sayar da yadi. Mutumin nan ya daɗe yana cigiyar motar mahaifinsa, wata tsohuwar fijo ruwan toka da marigayin ya sayar a shekarar da gari ya yi zafi. Lambarta tana kansa daram tun yana yaro. Kwatsam ya tsince ta a gidan wani tsohon direba, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta, bai tsaya dogon ciniki ba ya saye ta. Ba don ya hau ba ne. Mahaifiyarsa ce ta tsufa, idanunta sun tafi, kuma ba ta da zance sai na motar Malam, shi ne yake so ta shafa ta ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance. Da zai tafi, direban ya ce masa motar ta sha hannu, rabin kayan jikinta na asali ne, rabi canji. Gogan naka ya gyaɗa kai kamar a gareji aka yanke masa cibiya. Tambaya ɗaya ta rage, wanne ne wanne, amma girman kai ya hana shi yi.

Ya kai ta gida ya zagaya ta yana dubawa. Gefe ɗaya sai ɗaukar ido, mariƙin ƙofa da madubi da zoben fitila duk suna walƙiya. Gefen direba kuwa ya dushe, mariƙin ƙofar ya cinye ta ciki, bambar gaba ga wata lotsawa mummuna. Nan ya yi hukunci irin na sana'arsa. A rumfar yadi, wanda ya koɗe shi ne jabu, mai kyau ba ya zuba, saboda haka a ganinsa masu ƙyallin nan su ne na asali. Ya kira mai gyaran jikin mota ya sa aka kwance duk abin da ya dushe, ya shiga kasuwa ya sayo masu sheƙi aka ɗaura. Tarkacen da aka cire kuwa, wani ɗan gwangwan ne ya zo wucewa da baro, ya ce masa ya kwashe kyauta, har yana jin ya yi sadaka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya riƙo hannun tsohuwa zuwa ƙofar gida, 'yan uwa sun taru, shi sai murmushi yake. Ta kama mariƙin ƙofar direba, ta murza shi da babban yatsa, ta sake murzawa. Ta lallaba zuwa gaba, ta sunkuya da ƙyar, ta bi bambar da tafin hannu tun daga wannan bakin har wancan. Sannan ta miƙe ta ce, "Ɗan nan, an cuce ka. Wannan ba motar Malam ba ce." Ya karanto mata lambar, ta girgiza kai. Ta ce mariƙin ƙofar Malam yana da gurbi inda zobensa na azurfa ya cinye shi, bambarsa kuma a lotse take, tun ranar da ya daki darbejiyar ƙofar asibiti yana sauri da ita tana naƙuda. "Naƙudarka ce kuwa," in ji ta. "Har ya sayar da ita bai yarda an buge wurin ba."

Gogan naka ya zagaya ɗaya gefen motar. Ya sa mukulli ya kankare mariƙin nan mai walƙiya da ya ɗauka na asali ne, sai ga baƙar roba a ƙarƙashin fenti. Ya ƙwanƙwasa zoben fitila, ya ji shi fayau kamar busasshen duma. Abu ɗaya mai gyara ya manta bai cire ba, murfin tankin mai, dusasshe. Ya kwance shi ya ji nauyi da sanyin ƙarfe a hannunsa, ya juya bayansa, ga hatimin maƙeran motar a buge raɗau. Sai lokacin ya gane da hannunsa ya tuɓe wa motar duk abin da ta fito da shi, ya bar mata kayan aro.

Ko hula bai ɗauka ba ya bazama neman ɗan gwangwan. Aka nuna masa inda suke auna kaya, daga can aka tura shi layin maƙera. Bambar an riga an yayyanka ta an yi ƙafafun murhun gawayi. Da ya tambayi mariƙin ƙofa, wani maƙeri ya nuna masa jerin sababbin tukwane da ludaya da aka zuba da safe, ya ce ya duba, yana cikin ɗayansu. Mutumin ya tsaya baki buɗe yana kallon tukwane, duk iri ɗaya, duk suna ƙyalli.

Tsohuwa ba ta ƙara kusantar motar ba. Har ta koma ga Mahaliccinta tana yi masa jaje, tana cewa Allah ya isa ga wanda ya cuci ɗanta, shi kuma ya kasa buɗe baki ya faɗa mata ko wane ne. Motar tana nan a rumfa tana sheƙi, ba mai hawa.

Don haka kafin ka sa hannu a kayan gado, tambayi wanda ya san tabonsu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.