Turare Ga Mai Rai

"Wannan ai ubanka ne!" na ce wa Khoa, ana tsakar nuna fim ɗinsa na farko a Berlin.

A fim ɗin ya ɗora hoton Tùng, yayana, a kan teburin da muke girmama matattunmu a al'adarmu, ya kunna masa turare, ya durƙusa yana kuka. Ga Tùng a gefena da ransa. Jamusawa sai tafi suke yi. Su me suka sani?

"Baffa, fasaha ce."

"Fasahar banza! Fatan mutuwa ka yi masa. Ka cire kafin ya tsine maka."

Tùng ya riƙe hannuna.

"Ƙyale shi, kada ya cire. Tun da ya bar gida, yau ya fara gaishe ni."