Allurar da Ta Zo Cikin Safa

Rosmala ta rame har awarwaronta na zamewa daga hannu. Cutar daji ce a mama, ta ƙi jin maganin da ake ba ta a asibitinmu na nan Medan.

Likita ya gaya wa mijinta Ramlan cewa akwai sabuwar allura a Penang, can ƙasar waje tsallaken ruwa, amma hukumar magunguna ba ta gama bincike a kanta ba. Asibiti zai nemo izini na musamman, su jira.

"Mu jira?" in ji Ramlan. "Suna ofis suna kurɓar gahawa, matata na narkewa!"

Watanni suka shuɗe, shiru kake ji. Wallahi ni ma na zage su.

Sai Ramlan ya nufi wajen Kak Yanti, wato Yaya Yanti, mai sana'ar saƙo, irin masu hawa jirgi su sayo wa mata man shafawa da cakulan.

"Haba Bang Ramlan, yayana, allura ce za ta gagare ni? Ni da na shigo wa matar liman da gashin kanti, har yau ba wanda ya sani?"

Allurar nan sai cikin ƙanƙara ake ɗaukarta. Yanti ta ce kular ƙanƙara na jawo idon 'yan kwastan, ta cusa kwalaben cikin safa. Da ta sauka har da biyawa kasuwa, akwati na gasuwa a bayan mota. Cakulan ya narke, ta ba masu shi haƙuri. Allura kuwa ta lalace ba alama.

Da likita ya ji yadda aka kawo allurar, ya ce ba zai taɓa ta ba. Ramlan ya yi zuciya, ya ɗauke matarsa daga asibiti, ya samo mai allura a unguwa.

"Bang, ba na jin sauƙi fa," in ji Rosmala.

"Yi haƙuri, Dek, ƙanwata. Maganin Penang ne, a hankali yake aiki."

Wane aiki! Ruwan banza ake ɗura mata, maganin asibiti da ke ɗan riƙe ta kuma an daina.

Muna zaune kan tabarmar makokinta wayar Ramlan ta yi ƙara. Daga asibiti ne.

"Albishirinka, izini ya fito. Kawo ta gobe."

"To," in ji shi. "Sai ku aiko da masu tono."

Jama'a, jan ƙafar hukuma na kisa, masu kujera su ji tsoron Allah. Amma duk zafin jira, kada ku raba mara lafiya da likitansa saboda maganin da ya biyo bayan fage.