Masar Tsakiyar Tanda

Ko Inna ta san tafiyar ke nan? Har yau ban sani ba.

Ranar bikin buɗin daji ce, baƙi sun cika gindin dutsen garinmu kusa da Kwanni, ana ta kiɗa. Inna tana suyar masar gero, ina gefenta, ban fi shekara tara ba. Sai ta dafe ƙirji, ta miƙo mini cokali, ta nufi inuwa. A can ta cika, ni ina ta juya masa.

Mijina ya rasu bara, ina ganin fuskarsa har yanzu. Ta Inna kuwa ta ɓace mini, wayyo, sai muryarta kaɗai:

"Ɗiyata, bar kallona, dubi tanda. Ta tsakiya ke saurin ƙonewa."