Harafin Farko a Akwatin Laure

Bilya mai yi wa motocin Dutsin-Ma rubutu ya dire akwatin lefen a zaure, yana murmushi. A murfin ya zana suna da haruffa masu lanƙwasa, kowanne da jela da furanni.

Laure ba ta yi murmushi ba. Ta ɗora yatsa kan harafin farko.

"Malam Bilya, wannan L ce ko S?"

"Haba Laure! Rubutun ado ne, haka yake murɗewa. Sunanki ne."

Duk garin Kurfi an san Saude Bilya ya fara nema kafin a hana shi, ya dawo kan Laure. Laure ta ƙura wa akwatin ido. Da ɗan ƙarin ganye nan, ɗan jela can, Saude na iya komawa Laure.

"Zana mini L ɗinka ta ado a ƙasa in gani."

Ya durƙusa ya zana. Hannunsa ya tafi yadda ya saba, harafin ya fito da doguwar ƙafa a shimfiɗe. Na akwatin ba shi da ƙafa.

Ta tura masa akwatin da tafin hannu.

"Kai wa mai shi. Ni ba na shiga sunan wata."