Ranar Yaye Shamwilu

"Ke kike ja masa numfashin, ko?" in ji Sista Talatu, idonta a kan allon da ke gefen gadon.

Zuwaira ta sunkuyar da kai. Tun da aka soma aron numfashi a asibitoci, duk wanda huhunsa ya gaza sai a jona shi da wani nasa. Ita aka jona da mijinta Shamwilu, siririn tiyo daga wuyanta zuwa nasa. Ko ajiyar zuciya ta yi, sai ƙirjinsa ya ɗaga. Yau ranar yaye ce, an ce ta riƙa sassautawa don huhunsa ya farka.

"Ina sassautawa, Sista."

"Da ya yunƙura zai ja da kansa sai ki riga shi. Haba ƙanwata, mijin nan ba guduwa zai yi ba. In huhunsa ya saba da kwanciya, ya kwanta ke nan."

Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa idonta. Ta san ba tsoron mutuwarsa kaɗai ke riƙe ta ba. Duk shekarun aurensu a hanyar Legas ya yi su da tirela, ba ta taɓa samunsa kusa kamar yanzu da yake rayuwa da iskarta ba.

Ta dubi busassun leɓɓansa, ta share hawaye da gefen mayafi.

"Kira likita, Sista. Ku cire ni, ya ja nasa, ko da Legas zai koma da shi."